Ɗakin Inna a Hamra

"Othman! Zo ka gani, wallah sun amsa!"

Mastura ce ta faɗo tsakar gida da waya a hannu, ko takalman asibiti ba ta cire ba. Mijinta Othman yana kan tabarma yana gyara fanka, mahaifiyarsa Inna Hikima kuwa tana gefe tana tsince shinkafar waina. Ɗakuna biyu ne gidan nasu na haya a Nuzla, unguwar talakawa a Jidda, ga zafi ga yoyon ruwa daga bene, amma shekara shida suna ciki babu maƙwabcin da ya taɓa jin kansu.

"Su wa suka amsa?" in ji Othman.

"Masu gidan Hamra mana! Ranar Alhamis za su gan mu!"

Gidan da take nufi sashe ne a hawa na uku na wani tsohon ginin attajirai a unguwar Hamra, gini da ya girmi iyayensu, aka sabunta shi tsaf. Rufinsa dogo, tagoginsa na katako mai sassaƙa, daga baranda ana hango teku. Sai dai ginin yana da doka: ba a sayar wa kowa sai mazauna sun zauna da shi sun yarda.

Othman ya juya wajen tsohuwar yana murmushi. "Inna, ɗakin da ke kallon teku naki ne. Kin gama shaƙar hayaƙin tanda."

"Allah ya yi muku albarka," ta ce, idonta ya kawo ruwa. Shekara talatin tana toya waina a bakin titi, da ita ta raini wannan ɗa tun rasuwar ubansa.

A Jidda aka haifi Othman, amma har yau da iƙama yake zaune, takardar zaman baƙo. Mastura kuwa mahaifinta ya sami takardar zama ɗan ƙasa tun kafin a haife ta. Saboda haka da sunanta za a rubuta gidan, ko da yake gumin su biyu ne. Othman bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

"Ni da ke akwai bambanci ne, habibti, masoyiyata?" yakan ce. Son da yake mata ya kai haka.

Wanda ya ga bambancin shi ne yayanta Meshari, mutumin da in an yi masa Hausa a kasuwa sai ya waiga kamar ba da shi ake ba. Ya kira ta gidan mahaifiyarsu, Hajiya Hind, suka sa ta a tsakiya.

"Ni zan raka ki ranar Alhamis," in ji shi. "Othman ya jira a mota. Mutanen can ba sa son jin kalmar iƙama."

"Haba Yaya, mijina ne fa!"

"Mun ce ba mijinki ba ne?" Hajiya Hind ta karɓe. "Ki samu gidan tukuna. Sannan tsohuwar nan mai waina, kada ki ko ambace ta. Kin sha wuya a Nuzla, halas, ya isa haka."

Mastura ta yi kuka, ta ce ba za ta iya ba. Amma tagogin nan na katako sun riga sun shiga ranta.

Babu wanda ya tuna ya gaya wa Inna Hikima cewa a Hamra ba a yin abin da ake yi a Nuzla. A saninta, mutum ba ya tarewa a gida sai babban gidan ya je ya gai da maƙwabta, ya kai musu ɗan abin taɓawa. Ranar Laraba da hantsi, bayan yaran sun tafi aiki, ta toya waina mai kyau, ta jera a babban faranti, ta ɗaura zaninta na zuwa biki, ta hau tasi. Mai gadin ginin, wani Bahaushe mai suna Ɗan'azumi, ya ji harshen gida ya buɗe mata. Ta bi ƙofa-ƙofa tana sallama da guntun Larabcinta.

Wasu ba su buɗe ba. Wata ta miƙo mata riyal biyar ta bayan ƙofa. Inna ta dawo da farantinta kusan a cike, ta raba wa yaran unguwa, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta yi karambani.

Ranar Alhamis Othman ya zauna a mota kamar yadda aka ce, yana ta addu'a. A sama kuwa, a falon shugaban mazauna, Shaikh Abdulghaffar, an zuba gahawa, an tambayi aikin Mastura da asalin gidansu, komai yana tafiya daidai. Sai dattijon ya ajiye kofi.

"Jiya wata tsohuwa ta bi ƙofofinmu da farantin abinci," ya ce da Larabci. "Ta ce ita ce uwar masu sayen hawa na uku. Matanmu sun tsorata. Nan ba wurin talla ba ne."

Kafin Mastura ta buɗe baki Meshari ya yi dariya.

"Tsohuwar 'yar aikinmu ce, ya Shaikh. Ta daɗe da mu, har tana kiran kanta uwa. Tsufa ne."

Dattijon bai kalle shi ba. Mastura ya kalla. "Haka ne, 'yata?"

Inna ce fa, matar da ta yi jinyarta wata biyu lokacin da ta yi ɓari. Matar da ba ta taɓa yi mata gorin haihuwa ba. Mastura ta dubi tagar katako, ta dubi yayanta.

"Haka ne," ta ce.

Da ta sauko, Othman ya riƙe hannunta. "Yaya?"

"Sun yarda."

Ya yi ta hamdala har gida. Ita kuwa ta ce kanta ke ciwo.

Ranar tarewa da safe, motar kaya ta tsaya a ƙofar ginin. Inna Hikima ta fito da jakarta da carbinta, Othman yana riƙe da ita. Ɗan'azumi ya taso ya tare su, kansa a ƙasa.

"Inna, ki gafarce ni. An ba ni umarni... 'yan aiki ta ƙofar baya suke bi."

"Wace 'yar aiki?" Othman ya daka masa tsawa. "Mahaifiyata ce!"

"Wallahi na sani, ranka ya daɗe. Amma abin da uwargida ta shaida wa Shaikh ke nan."

Othman ya juya a hankali wajen Mastura. Bai tambaye ta ba, don fuskarta ta riga ta ba shi amsa.

"Othman, ka saurare ni, Yaya ne ya..."

"Bakin Yaya aka tambaya, ko naki?"

Inna Hikima ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta kawai ta ce, "Babana, mai da ni Nuzla."

Aka shigar da kaya, mai gida bai shiga ba. Mako uku Mastura tana zaune ita kaɗai a gidan da ta sayar da surukarta ta saya. Hajiya Hind ta zo da ƙawayenta suka yi ta ɗaukar hoto a baranda, Meshari ya ce ta kwantar da hankalinta, Othman zai huce ya zo da ƙafarsa. Babu ɗayansu da ya kwana ya taya ta kuka. Haka masu zuga suke, da sun cinna wuta sai su tafi gida cin abinci.

Daga ƙarshe ta je ta ƙwanƙwasa wa Shaikh Abdulghaffar ƙofa ta gaya masa gaskiya.

"Da kin faɗa tun farko, da na yarda ko da ban yarda ba, Allah ya sani," ya ce. "Amma da na ga girmanki."

Daga nan ta wuce Nuzla, ta zube a gaban tandar waina.

"Inna, na cuce ki! Ki yafe mini, ki zo ki shiga ɗakinki ta ƙofar gaba!"

Tsohuwar ta ɗago ta, ta share mata hawaye da gefen zani. "Na yafe miki tun a ranar, 'yata. Ba kya jin yunwa?" Sannan ta kira ɗanta. "Babana, koma wa matarka. Ban yarda aure ya mutu a kaina ba."

"Inna, ba zan iya..."

"Umarni na ba ka."

Ya koma, don bai taɓa saɓa mata ba. Haƙurin tsohuwar nan shi ya ceci auren, kuma daga ranar Mastura ba ta ƙara barin wani ya tsoma baki a gidanta ba. A hankali Othman ya sake yi mata dariya, ko da yake ba irin ta da ba.

Amma Inna ba ta ƙara taka ginin ba. Duk Juma'a Mastura takan je ta roƙe ta, ita kuwa takan ce gwiwa ce, ko ta ce sai an kwana biyu. Da shekara ta zagayo, ta ce a yanka mata tikitin Katsina, wajen ƙanwarta, tafiyar da ba dawowa. Sun yi magiya har sun gaji.

A filin jirgi Mastura ta riƙe mata jaka ta ƙi saki.

"Inna, ko kwana ɗaya ne, ki zo ki kwana a ciki. Don Allah."

"Allah ya sanya albarka a gidanku," in ji tsohuwar, ta zare jakar a hankali. "Yafiya na iya ba ki, 'yata. Ƙafar ce ta ƙi."

Duk wanda ya ji kunyar nuna iyaye don a karɓe shi cikin manya, zai iya samun gidan, zai iya samun gafara ma, amma abin da bakinsa ya faɗa ba ya komawa. Mastura ta tsaya a bayan gilashi tana kallo har mayafin Inna ya ɓace cikin mutane, kuma tsohuwar ba ta waigo ba.