Asusun Tauraruwa

Da hantsi aka kira Sufeton 'yan sanda zuwa wani kamfani da ke gudanar da wasan intanet. A ɗakin sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, ɗaki mai sanyi kamar firji, ya tarar da gawar Injiniya kife kan tebur, an fasa masa ƙeya da tukunyar kashe gobara.

Abokiyar aikin mamacin tana tsaye bakin ƙofa.

"Wane aiki yake yi?"

"Gyaran rumbun bayanan 'yan wasa, yallaɓai. Sabar ta lalace, mutane suka rasa jaruman da suke wasa da su da kayansu. Shi ke mayar musu ɗaya bayan ɗaya."

"Ya yi faɗa da wani?"

"A'a," ta ce, idonta a ƙasa.

Manajan kamfanin kuwa cewa ya yi bai leƙa ɗakin ba yau, kuma shi ba ya ma buga wasan. Sufeto ya lura da farar ƙurar tukunyar a bakin wandon Manaja.

Ya koma kan matar. "Ƙanwata, ɓoyewa ba za ta tashe shi ba."

Ta fashe da kuka. Ta ce akwai wani asusu a cikin wasan mai suna Tauraruwa, na matar Manaja da ta rasu bara. Kullum Manaja yakan shiga wasan ya zauna kusa da jarumarta, cikin gidan da ta gina. Garin gyara, Injiniya ya ɗauka asusun da aka watsar ne, ya goge.

Sufeto ya tura ƙofar ofishin Manaja.

"Ba ka buga wasan, amma kana ziyartar Tauraruwa. Dubi wandonka."

Manaja ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Abin da ya rage mini ke nan nata," ya ce a hankali. "Da safe Injiniya ya aiko in zo. Na shiga, ya juyo yana murmushi. Ya sake kashe mini ita, yana murmushi. Ban bari ya buɗe baki ba."

"Ka san dalilin kiran?"

Manaja ya girgiza kai.

Abokiyar aikin mamacin ce ta amsa daga bayansu. "Ya samo tsohon kwafi. Ya dawo da ita tun jiya. Albishir zai yi maka."

Manaja ya zube ƙasa. Sai da kuratan 'yan sanda biyu suka tallafe shi kafin ankwa ta shiga hannunsa, suka fita da shi.