Rigar Da Dangi Suka Saya

Ku da kuke ganin lauya cikin baƙar riga da farar hula kuna cewa kakarsa ta yanke saƙa, ku zauna ku ji abin da ya sami Maigandi. Labari ne da ko mai ba da shi sai ya sunkuyar da kai.

Maigandi ɗan Argungu ne. Da lokacin rantsar da shi lauya ya zo, gidansu babu kuɗin riga da hula, sai aka yi karo-karo. Kawunsa masunci ya sayar da kwalekwalensa. Yayarsa Riskuwa ta sayar da keken ɗinkinta. Mahaifiyarsa Laure ta fitar da shinkafar da ta ɓoye don iri. Da wannan aka sayo rigar, aka ɗauke shi hoto da ita, aka rataye a zaure.

Ya sami aiki a Birnin Kebbi, a ofishin Barista Rotimi, inda ake yi wa kamfanoni da bankuna aikin lauya. Sai dai nasa rabon bai wuce ɗaukar fayil zuwa kotu ya roƙi a ɗage shari'a ba. A gida Barista ne, a ofis shi ake aika sayen tsire. In ya je Argungu, tun daga bakin unguwa yake sauka daga kabu-kabu, ya ce motarsa tana wurin gyara.

Ana nan sai babban aiki ya faɗo. Wani kamfani daga Legas zai sayi masana'antar casar shinkafa da fadamun da ke tsakanin Argungu da Augie, banki zai ba da rance. Irin aikin da ƙaramin lauya ke shiga ya fito babba ne: binciken takardun filaye, zama da masu kuɗi, rubuta yarjejeniya. Rotimi ya ce mutum ɗaya zai ɗauka cikin ƙanana, ya ɗauki Judith, wadda kowa ya san ta fi su ƙwazo. Maigandi ya taya ta murna da baki kawai. A garinsu za a yi aikin, mutanen garinsu kuma za su ga ba da shi ake yi ba.

Wani direba ne ya kwatanta masa wurin wani boka, ya ce ya tafi da rigarsa ta lauya.

Bukkar bokan tana can ƙetaren gulbi cikin dogayen ciyayi. Rana tsaka ce, amma ko kukan tsuntsu babu. Ƙasar ɗakin a jiƙe take ko da yake rani ne. Ƙoƙon kan kada yana rataye bisa ƙofa, gorunan masunta jere a gindin bango, an toshe bakin kowanne da jan ƙyalle. A tsakiya akwai tukunyar baƙin ruwa, ruwan yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

"Mi ak kawo ka, ɗan boko?" in ji bokan, bai ko ɗaga kai ba.

"Aikin shinkafa nika so. In yi magana a yarda."

"Abu mai sauƙi. Amma ba a cin na gulbi kyauta."

Nan Maigandi ya gyara zama, don an zo fagensa. "Ina da sharuɗɗa. Ba a taɓa raina. Ba a taɓa lafiyata ko hankalina. Ba a taɓa matar da za ni aure, ko ɗiyan da za ni haihwa."

Bokan ya yi dariya har ya ƙware. "Lauya ke nan! Na yarda da duka. Ni ban son komi naka. Rigag ga ita ka biyan kanta, daga inda tah hito."

Ku lura, Maigandi ba wawa ba ne. An koya masa inda ake ɓoye wuƙa cikin magana, kuma ya ji wannan sarai. Ya buɗe baki zai tambaya, sai ya hango kansa yana shiga Argungu cikin mota, ya mayar da bakin ya rufe.

Bokan ya ciro baƙar tarwaɗa daga gora, ya yanka ta bisa tukunyar tana mutsu-mutsu, ya tsoma rigar, ya ciro ta a bushe ƙayau. Ya ce a rataye ta bayan ƙofa, kada ta ga sabulu.

A zaman farko da mutanen banki harshen Judith ya sarƙe, ta kasa karanta abin da ita da kanta ta rubuta. Rotimi ya kira Maigandi. Daga ranar, in ya yi magana manoma su yarda, banki ya yarda, 'yan Legas su gyaɗa kai. Aka sa hannu, aka tafa. Mota ta zo, gida a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ya zo, manyan ayyuka suka riƙa biyo juna.

Wata safiya ya tarar da ruwa kwance ƙarƙashin rigar, yana ƙarnin kifi. Kafin azahar aka bugo waya: kawunsa ya nutse a ruwan da bai wuce gwiwa ba, mutumin da ya iya iyo tun kafin ya yi wayo. Maigandi ya yi hidimar zaman makoki har mutane suna cewa Allah ya ba mu ɗa irin wannan. Kowace addu'a sai ya ji ta kamar mari.

Da aka ƙulla aiki na gaba rigar ta sake ɗiga. Riskuwa ta wayi gari zaune a tsakar gida, tana taka keken da babu shi, tana ɗinka iska, tana cewa a ƙyale ta ta gama wa Barista rigarsa. Tun daga nan ba ta sake gane kowa ba, har shi.

Ya koma bukkar a guje.

"Na karya maka sharaɗi ko guda?" in ji bokan.

"A'a."

"To, mi kaz zo nema? Saura mai shinkahwa."

Ya jefa rigar cikin gulbi. Da ya isa Gesse ya same ta bayan ƙofa, tana ɗiga.

Sai ya nufi wurin mahaifiyarsa. Ya tarar da ita tana tsince shinkafa a faifai, ya durƙusa ya faɗa mata komai, idonsa a ƙasa. Laure ba ta yi kuka ba.

"Da yac ce daga inda tah hito, ka ji?"

"Na ji, Inna."

"Ba ka tambaya ba?"

Laure ta ajiye faifan.

"Maigandi, can da ma mun san ba ka da mota. Yara na ganin ka kullum kana sauka bakin unguwa, su zo su hwaɗa muna, mu ce su yi shiru kada ka ji kunya. Mu ba mu taɓa jin kunyarka ba. Sai yau."

Ta sa aka sauke hoton nan daga zaure. Ba ta ga girbin shekarar ba. An same ta kwance bisa busasshiyar tabarma, ruwa yana fita ta hancinta.

Maigandi yana nan a Gesse. Ya bar aikin, dangi sun bar shi, in ya aika da sadaka Argungu a dawo masa da ita. Ko ciwon kai ba ya yi. Maƙwabta suna jin sa yana roƙon Allah ya zautar da shi kamar Riskuwa, ko ya sami ya manta, amma hauka ba ta zuwa, don shi da bakinsa ya sa sharaɗin.

Saboda haka kai ƙaramin ma'aikaci da aka tsallake ka yau, ka ɗauki fayil ɗinka ka jira lokacinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In kuwa aka ce za a ba ka duniya ba za a taɓa ka ba, to ka tambaya wa za a taɓa.