Rabin Ƙwaya

"Ina gadon?"

Ko sallama ba ta ƙarasa ba budurwata ta jefo mini tambayar. Na sunkuyar da kai ina ta goge katakon da tuni ya yi santsi.

"Kafinta, da kai nake! Gadon aurenmu, wanda na zaɓa wa fenti da kaina?"

"Na sayar, zumata..."

"Na uku ke nan fa!"

Gaskiyarta. Shekara biyu ke nan Mama na fama da ciwon ƙwaƙwalwa. In ya motsa ba ci ba barci, sai hira da mutanen da ba ma gani. Magani ya dawo mana da ita, amma ga kuɗin ƙwaya duk wata, ga na ganin likita, ga na mota, ga yinin da shago ke kwana a rufe. Duk gadon da na ƙera mana, kafin fentinsa ya bushe ya tafi asibiti.

"Wannan ne na ƙarshe," na ce ina lallashi. "Albarka ta sauka a maganin. Na watan jiya har yau bai ƙare ba."

Ta shiga lissafi da yatsunta.

"Ƙwaya talatin, yau kwana hamsin? Ni tela ce, masoyi. Yadi biyu ba ya zama huɗu sai an rage wa wani hannun riga. Rufe shagon mu je!"

Mun tarar da Mama a ɗaki, ta ɗora faranti a cinya, tana raba ƙwaya gida biyu da reza. Na matsa kusa da ita.

"Mama! Me ke nan?"

Ta yi saurin rufe farantin da zani.

"Rabi ya ishe ni, ɗan nan. Gado uku na haɗiye muku! So kake in haɗiye na huɗu, yarinyar mutane ta tsufa a gidansu?"

Zumata ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta durƙusa ta karɓe rezar a hankali.

"Mama, gado aka ce miki zan aura? Wannan mai ƙurar katako a ka nake so. In ciwon ya dawo, wa zai goya mini jikanki?"

"To a ina za ku kwana?"

"A ƙasa! Wanda ke ƙasa ai ba ya tsoron faɗuwa."

Washegari muka kai Mama wurin likita. Ya yi faɗa sosai, ya ce saura ƙiris ciwon ya dawo sabo. Da ya ji dalili sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya rubuta mana irin maganin na wani kamfani, mai ɗan sauƙin kuɗi.

A hanya Zumata ta yanke hukunci: wata ɗaya zartona zai sayi maganin, wata ɗaya keken ɗinkinta.

Bayan sati uku aka ɗaura mana aure. Katifa muka shimfiɗa a ƙasa, kuma wallahi ban taɓa barci mai daɗinsa ba.

Gado na huɗu yana shago, ƙafa uku gare shi, ba ma sauri. Kullum da safe Mama kan leƙo ɗakinmu, ta ɗaga ƙwayar sama tsakanin yatsu biyu.

"Amarya, ki shaida, guda ce!"

"Na shaida, Mama. Haɗiye in gani!"