Warin Khal a Ɗakin Yaya Fikri

Da magariba na kai wa Yaya Fikri abinci a ɗakinsa da ke unguwar Attarin. Tun daga matakala warin ruwan khal ya tare ni. Duk mai tara tsofaffin finafinai a Iskandariyya ya san warin nan. Fim ne ya fara ruɓewa, kuma yana harbin na kusa da shi. Shi ya sa ake shinshina gwangwanin fim kafin a saya. Amma Yaya? Ina!

"Nagwa, zo ki gani," ya ce. "Fim ɗin likitan nan ne da ya so raba mutum da aljaninsa da wutar lantarki. Babu irinsa a duniya."

"A ina ka ajiye gwangwanin?"

Ya nuna kanta. Nan fim ɗin marigayiya Umma yake, wanda aka ɗauke ta a bakin teku tana ɓare mana lemo. Shi kaɗai ya rage mana.

"Haba Yaya! Kai fa ka koya min ba a haɗa ruɓaɓɓen fim da mai kyau! Wai yaushe za ka yi hankali?"

Ko kallona bai yi ba. Ya kunna majigi.

Ƙarrr. Likita da farar riga. Kujera an nannaɗe ta da wayoyi, babu kowa a kai.

"Jiya akwai mutum a kujerar," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa.

Likitan ya juyo. Ya ɗaga hanci yana shinshina.

Gwangwanin Umma ya motsa a kan kanta.

Na wafce shi. Wani abu mai sanyi ya riƙe min wuyan hannu, warin ya cika min maƙogwaro. Na yi a'uziyya, na fizge, ban tsaya ba sai titi.

Da safe na sa wani mai gyaran majigi ya haska min fim ɗin Umma. Ga teku, ga tabarma, ga mu muna miƙa hannu. Babu Umma.

Na koma a fusace na ce Yaya ya ƙona shegen fim ɗin nan. Ya ce, "Yanzu kuma? Kalli kujerar." Umma ce zaune a kai.

Har yau bai ƙona ba, ni ma ban sake cewa ya ƙona ba. Kullum da magariba nakan hau matakalar, in toshe hanci, in zauna kusa da shi. Lemon yana hannunta har yanzu.