Wa Zai Ɗauka Maka?

Na san Mai Bulo tun yana aiki a wani fili bayan layinmu, da inji ɗaya mai tari kamar tsohon mashayin taba. Bulonsa ko daga kan bene ka jefo shi ba ya fashewa, kuma wannan ingancin ne ya hana shi arziki. Abokan sana'arsa suna rage siminti suna sauya motoci, shi yana sauya faci a wando.

Kada in yi masa ƙarya, ba tsoron Allah ne ya hana shi bin sahunsu ba. Tsoron bakin mutane ne. Ya gwammace mutuwa da a nuna shi da yatsa a ce macuci.

Wata rana da tsakar rana ya tafi wurin wani boka da ke zaune a kango bayan mayanka. Daga bakin Mai Bulo na ji yadda wurin yake, bayan komai ya lalace. Ɗakin ba taga. Ƙudaje sun rufe wata ƙwarya a lungu. A jikin bango an rataye kwaɗuna masu tsatsa, kowanne an datse shi a kan busasshen harshen dabba.

"Dukiya kake so," in ji boka, bai ko ɗago kai ba.

"Dukiya, amma kada a zage ni."

"Abu biyu ke nan. Zan kulle maka bakin mutane. Duk abin da ka aikata, ba mai kiransa laifi."

"Me zan bayar?"

"Wanke hannu tukuna."

Ya wanke a cikin tasa har sau bakwai. Ruwan ya yi baƙi, ya yi kauri. Boka ya juye shi a tulu, ya toshe da tsumma, ya tura masa. Mai Bulo ya yunƙura zai ɗaga, tulu ya ƙi motsi.

"Da nauyi," in ji boka. "Wa zai ɗauka maka?"

"Ina da mutane a gida, za su ɗauka."

"Ka tabbata?"

"To mene ne amfaninsu in ba su ɗauka mini ba?"

"Kai ka faɗa." Boka ya datse sabon kwaɗo. "Tashi ka tafi, bar tulun."

Shi a zatonsa maganar dako ake yi.

Cikin shekara biyu ya zama mai manyan kwangiloli. Bulonsa ya koma yashin da aka nuna wa siminti daga nesa. Mu kuwa a bakin layi muna cewa mutumin nan akwai kan kasuwa. Ni ma na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar bakina.

Sai wani bene da ya gina ya rufta kan masu haya, mutum tara suka mutu. Aka ce ruwan sama ne ya yi yawa, aka ce kwana ne ya ƙare. A wurin ta'aziyya har kujerar gaba aka ba shi.

A makon ne ƙanen Mai Bulo, direba, wanda ko allurar wani bai taɓa taɓawa ba, ya shiga kasuwa sayen taya. Wani ya laluba aljihu bai ji wayarsa ba, ya nuna shi. Kafin a ga wayar a ɗaya aljihun, jama'a sun gama da shi. Washegari kowa ya zama masani. Wannan ya ce abokan banza, wancan ya ce ƙwaya, wata ta ce ita dama bai taɓa kwanta mata a rai ba.

Ba a jima ba matar Mai Bulo ta fara tare mutane a titi tana kuka: "Ni na danne mutanen benen nan, ku yafe mini." Aka ce iska ce. Aka kulle ta a ɗaki, a can ta rasu.

Saura 'yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya, yarinya mai sanyin hali. Watan da wata katanga da ya gina ta faɗa kan mai talla, wani majinyaci ya mutu bayan ta yi masa allura. Maganin jabu ne, ba kuma ita ta sayo shi ba, amma kotu ta ce da gangan ta yi. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai. A ranar Mai Bulo ya gane abin da ya amsa wa boka.

Ya koma kangon, ya tarar ba kowa sai awaki. Ya wuce ofishin 'yan sanda da bulo a hannu, ya murtsuke shi a kan tebur.

"Ni na kashe mutanen benen nan. Ku rubuta, ku kulle ni, ku sakar mini 'yata."

Jami'in ya miƙe ya ba shi kujera. "Haba yallaɓai, baƙin ciki ne ke sa ka wannan magana. Leburori ne suka cuce ka. A kawo masa ruwa."

Duk ƙofar da ya buga, haka aka lallashe shi aka rako shi waje. Dukiyar ta tafi a hannun lauyoyi, 'yar ba ta fito ba.

Kai mai neman arziki ido rufe, ka saurara. In ka ga an daina kiran laifinka laifi, ba yafe maka aka yi ba, wani naka ake shirin ɗora wa. Mu ma da muke kiran ƙarami ɓarawo, babba mai dabara, da hannunmu a ciki.

Na taɓa raka shi ziyara gidan yari. Ya riƙe ƙarfen taga ya gaya wa 'yar komai, tun daga kangon har yau, hawaye na bin gemunsa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta girgiza kai.

"Baba, ka daina ɗora wa kanka," ta ce. "Ni dai ka yafe mini abin kunyar da na jawo maka."