Karfasa Tara a Tafkin Hajiya Balkisu

Kafin azahar magana ta gama zagaye Mungadi: wai Ya'ƙub makiyayi ya zuba guba a tafkin kifin Hajiya Balkisu, don ta hana shanunsa ruwa. Samari sun ɗaure shi a gindin dalbejiya, ana ta maganar ƙona ruga.

Sufeto Abdulwahab ya iso daga Maiyama a kan babur, ƙugunsa na ciwo. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma duk abin da ya ɓaci a ƙauye, sunan makiyayi ake fara kira.

Karfasa ɗaruruwa sun taso, ciki sama. Magaji, ƙanen Hajiya mai kula da tafkin, ya tarye shi.

"Da idona nig gane shi, yallaɓai, da galan a hannu."

"Duka suka mutu?"

"Duka."

Sufeto ya tsuguna. Can ƙasa wani abu na motsi. Ya sa aka jefa koma, aka kamo tara, lafiya lau. Hajiya ta buɗe bakin ɗaya, sai ga ƙwai rawaya cike da shi. Duka taran haka.

"Uwaye na," ta ce. "Karfasa ga baki taka goyo. In ta ɗauki ƙwai, ba ta cin komi sai ɗiyan sun hito."

Sufeto ya miƙe da ƙyar. Ruwa ɗaya ne, amma waɗanda ba su ci ba ne kaɗai suka rayu.

"Wa ke ba su abinci?"

Hajiya ta dubi ƙanenta. "Makullin ɗakin ajiya na hannun Magaji."

A ɗakin ajiya buhun abincin na warin maganin feshin albasa. Bayansa ga kwalba, ba komai a ciki.

"Ɓeraye nika kashewa," in ji Magaji.

"A cikin abincin kifi?"

"Magaji," Hajiya ta ce a hankali, "dube ni."

Ya durƙushe. "Gonar babanmu ta, Yaya. Shekara ukku ina roƙon ki mu cike ramin ga in shuka albasa kamar mutanen Aliero. Kin ƙiya."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba har gindin dalbejiya.

"Ku kwance mutumin nan," ya ce wa samarin. "Ba a ruwa gubar take ba, a abinci take. Magaji ne ya zuba."