Kujerun Aro

Tun da sassafe Mama Lydia take sharar ɗakin da babu abin sharewa a cikinsa. Ɗaki ɗaya ne a Dutse Alhaji: tabarma biyu, katifa ɗaya, sai kaskon da take gasa masarar sayarwa a bakin titin Bwari. A ranar ne mutanen wata gidauniya za su zo ganin gidan. 'Yarta Janet, mai shekara sha takwas, ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ga shi babu kuɗin shiga. Gidauniyar tana ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi, amma sai ta zo ta gani da idonta.

Mama Lydia irin matan nan ce da za su kwana da yunwa su fito da safe suna sakace. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya taɓa jin ta ce babu. Ta rantse baƙi daga cikin gari ba za su zauna a ƙasa a ɗakinta ba. Da Janet ta so ta fahimtar da ita, sai ta ce ta rufe mata baki, ai ita ta haife ta.

Israel, ɗan maƙwabciyarsu wanda ke gyaran waya a Kubwa, shi ya yi jigilar. Shekara biyu ke nan suna son juna da Janet, duk unguwa ta sani. A kansa ya ɗauko kujerun kushin na mahaifiyarsa, da talabijin, da fanka, har da labule. Yana gumi yana dariya, bawan Allah, a zatonsa hidimar surukai yake yi.

Baƙin suka zo, mace da namiji. Suka zauna a kushin, suka sha lemon kwalba, suka dubi talabijin, suka yi rubuce-rubucensu. Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayar Janet: gidansu ba ya cikin masu buƙata.

Janet ta yi kuka har muryarta ta dishe. Saura kwana goma a rufe rajista. Ta durƙusa ta roƙi uwarta su je ofishin gidauniyar su faɗi gaskiya.

"In je in gaya wa duniya ni matsiyaciya ne?" in ji Mama Lydia, ita ma tana hawaye. "Babanki bai bar mini komai ba sai rufin asiri. Shi ma in ɗauka in kai musu?"

Ta juya ga Israel da ke tsaye a ƙofa, ta ce masa in ya kuskura ya buɗe baki, kada ƙafarsa ta sake taka gidanta.

Washegari ya tarar da Janet a layin famfo, bokitinta ya cika yana zuba ba ta sani ba.

"Ni na ɗauko kujerun nan da kaina," ya ce. "In na yi shiru, kin rasa sukul. In na yi magana, na rasa ki."

"Kar ka sa ni zaɓa, Israel. Don Allah."

Bai sa ta ba. Ya rufe shago ya hau mota zuwa ofishin.

Kwana uku bayan nan baƙin suka dawo da rana tsaka, ba sanarwa. Suka sami Mama Lydia da tsohon zane tana ɓare masara a ɗakin da ya koma wayam, maƙwabta suna leƙe ta taga. Ta miƙe ta waiwaya hagu da dama, ba abin da za ta ba su su zauna. Matar ta cire takalmi ta zauna a tabarma, amma Mama Lydia ba ta iya ɗaga kai ba har suka tafi.

Tallafin ya fito, sai dai ba a yi guɗa a gidan ba. Mama Lydia ta cika maganarta, har ta sa Janet ta yi alkawarin ba za ta kira shi ba. Ranar tafiya Janet ta hango shi daga tagar mota, tsaye a tsallaken titi, bai ko iya ɗaga hannu ba. Wata huɗu tana karatu da wannan ciwo a zuciya. Sau da yawa ta danna lambarsa ta goge, ta kifa kai a kan littafi ta yi kukanta.

Da Kirsimeti ta dawo. Uwarta ta ce ta sa fararen kayan makarantar ta gani. Ta sa, ta kama hannun tsohuwar tana gwada mata yadda ake jin bugun jini. Mama Lydia ta daɗe tana kallonta, hawaye na bin kumatunta. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar ta yarda cewa wanda ya faɗi gaskiyarka don ya cece ka ya fi mai taya ka ɓoyewa ƙaunarka.

"Je ki kira yaron nan," ta ce.

Janet ta kai ƙofa, uwar ta sake kiranta.

"Ki gaya masa babu kujera. In zai zo, tabarma ne."